Sharhi Uku Da Mai Agogo Ya Bari

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Maman 'Yan Biyu ce ke rubuta wannan, matar Autana. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa, don karatuna bai wuce aji uku ba, idon ma yanzu sai a hankali. Na ce mata abin da na faɗa shi za ta sa, ban da kwalliya. Likita ne ya ce a sayi littafi a riƙa rubuta awon jinina da abin da ya dame ni a ranar. Na ce masa babu abin da ya dame ni. Ya ce to a rubuta hakan.

Jini ɗari da hamsin. Babu abin da ya dame ni.

Famfon kicin yana ɗiga. Sau uku ina gaya wa Auta.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Wayar maigidana Malam ce ta ishe ni da ƙara a cikin aljihun tebur. Wata huɗu da rasuwarsa, ita ba ta san ya mutu ba. Na sa Maman 'Yan Biyu ta duba. Ashe wani zaure ne a cikin wayar, mutum talatin da wani abu, kowa yana rubuta labari ya sa, sauran su faɗi ra'ayinsu. Sharhi suke ce masa. Da Malam ya rufe shagon gyaran agogo, abin da ya kama ke nan. A can Mai Agogo suke kiransa. Wasunsu sun zo gaisuwa, na ɗauka tsofaffin masu kawo gyara ne.

Mai kula da zauren, ni na sa masa Mai Ƙofa, ya bar saƙo tun tuni. Wai Malam ya saki babi goma sha tara na littafinsa, na ashirin kuma, na ƙarshe, ya danƙa masa sati biyu kafin ya tafi. Bai sake shi ba, don dokarsu ita ce kafin a saki babinka sai ka yi wa mutum uku sharhi. Malam bai samu ya yi ba. Amma wai tunda abin ya zo da haka, an yafe, in ina so ya turo min ni kaɗai.

Na ce a ce masa a'a. Mutumin da ko allura ya ara sai ya mayar da hannunsa, ba za a yi masa alfarma bayan ransa ba. Ni zan yi ukun, a saki babin a zaure kamar sauran.

Maman 'Yan Biyu ta ce, "Mama, kin san yadda ake sharhi kuwa?"

Na ce shekara arba'in da huɗu ina yi wa surukinki.

Laraba, bayan azahar

Ta fara karanta min littafin daga farko. Wai labarin mai gyaran rediyo ne da matarsa. Rediyo! Ya ɗauka ya ɓoye. Matar ko suna bai ba ta ba, Ita kawai yake ce mata. Ita tana faɗa kan takalmi a bakin ƙofa. Ita tana ƙirga ashana. Ita ta kori baƙo don ya bar famfo a buɗe yana goge haƙori.

Baƙon nan ƙanensa ne, kuma ba korarsa na yi ba, shi ya ɗauki jakarsa.

Kada ki rubuta na ce ni ce.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Na sa ta karanta min abin da mutanen suka riƙa faɗa a ƙarƙashin kowane babi. Ta yi ta tsallakewa, na ce ina jin yatsanki yana gudu, koma baya.

Wani da suke kira Farfesa, ba Farfesan komai ba ne, yawan magana ce ta ja masa, ya ce matar nan azaba ce, a kashe ta a babi na goma. Wata ta ce ita dai tana jiran ranar da muguwar nan za ta durƙusa ta nemi gafara. Wani ya ce babu macen da za a zauna da ita haka shekara arba'in, marubuci ya yi ƙari. A ƙarƙashin kowanne Malam ya rubuta kalma biyu: na gode.

Na ce, shi ke nan abin da ya ce? Ta ce doka ce, Mama. In ana yi wa aikinka sharhi ba ka da bakin magana sai an kwana an wuni, sannan ka ce na gode. Ba kare kai, ba bayani.

Doka. To.

A babi na sha tara mai rediyon ya kwanta ciwo. Nan ya tsaya.

Jini ɗari da sittin da biyar. Gishiri ne ya yi yawa jiya.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yi na farko. Labarin wata yarinya ce da ke aiki a banki, 'Yar Banki suke ce mata, na tuna ta a wajen gaisuwa, doguwa mai gilashi. Soyayya ta rubuta. Shafi uku yarinyar labarin tana girki ba a kunna wuta ba. Saurayin ya ce ina sonki sau goma sha ɗaya, na ƙirga da yatsa. Na danna wayar na yi magana da bakina, tunda suna karɓar murya. Na ce namijin da ke faɗin haka sau goma sha ɗaya akwai abin da ya ɓoye, a bincika wayarsa. Na ce labarin kamar wankin da ba a ɗauraye ba ne, kumfa ce kawai. Na ce 'yar nan, kina da aikinki mai kyau, ki riƙe shi, wannan ba hanyarki ba ce.

Maman 'Yan Biyu ta ce in bari ta goge kafin a ji. Na ce gaskiya ake gogewa?

Saura biyu.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yarinyar ta rubuta na gode tun lokaci bai yi ba, sannan ta fita daga zauren.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Mai Ƙofa ya kira. Yaro ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa mutum ya ji kamar an tsaya masa a ƙafa. Ya ce Mama, Allah ya ƙara lafiya, dokokinmu kaɗan ne. A fara da abin da ya yi kyau. A taɓa rubutu, kada a taɓa mai rubutu. Ya ce maganar girki da ta saurayi duk sharhi ne, har dariya ya yi. Amma ki riƙe aikinki, wannan ba rubutun na taɓa ba, ita na taɓa.

Na ce to in babu abin da ya yi kyau fa? Ya ce akwai, sai dai ba a nema ba.

Hukunci: na jiya bai shiga lissafi ba. Kwana bakwai kada a ji muryata. In na sake, zai cire lambar Malam, don doka ba ta san babba ba. Ya ƙara cewa har yanzu yana iya turo min babin ni kaɗai, yau ɗin nan, in huta.

Na ce a'a.

Da ya kashe, Maman 'Yan Biyu ta ce, "Mama, ko dai tsoron babin kike ji?"

Ban ce ki rubuta wannan ba. To, tunda kin rubuta, bar shi.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Ɗari da saba'in. Babu abin da ya dame ni.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Na share shagon. Yana nan a gaban gida yadda ya bar shi, tebur, fitila mai lanƙwasa, gilashin nan na ido ɗaya, gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, kowanne da takardarsa. Agogo bakwai a bango, biyar sun tsaya. A kujerar nan yake zama da wayar yana dannawa da yatsa ɗaya. Ya sha leƙo kicin ya ce, "Zo ki ji wani wuri." In ce masa wuta nake kai, ka bar ni da shirmenka. Wani lokacin ba na kan wutar ma.

In sun cire lambar, sunan Mai Agogo ya fita ke nan, ni na fitar da shi. Babin kuma a turo min ta bayan gida kamar abin kunya.

Me zai sa Malam ya kashe Ita a babin? Ai shi ne mai ciwon. Sai dai ya sa ta durƙusa. In ya sa ta durƙusa, to abin da ya so ke nan duk shekarun nan bai faɗa ba.

Ya isa. Rufe.

Alhamis, ƙarfe sha biyu na rana

An kira 'Yar Banki sau huɗu ba ta ɗauka ba.

Auta ya gyara famfon. Yanzu ta ƙasa yake ɗiga.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Na je bankin. Ranar gaisuwa ta ce a reshen da ke bakin kasuwa take. Maman 'Yan Biyu ta raka ni. Aka ba ni lamba a takarda, na zauna a kujerar ƙarfe mai sanyi kusan awa ɗaya, sanyin na'urar yana shiga min gwiwa. Da aka kira ni wajen wani saurayi na ce ba shi nake so ba, waccan mai gilashin nake jira. Na baya suka fara tsaki. Na ce ku wuce, ni ba kuɗi na zo ba.

Da na tsaya gabanta ta gane ni. Ta ce, "Sannu Mama, me za a yi miki?" kamar tana karantawa daga allo.

Na ce na zo in janye magana ɗaya. Ɗaya kawai. Ta girki tana nan, ta saurayi tana nan. Ta ki riƙe aikinki ce na janye, ba hurumina ba ne.

Ta yi ta gyara takardun da ba su karkace ba. Can ta ce, "Baba Mai Agogo ne kaɗai yake karanta nawa har ƙarshe. Sauran sai su ce ya yi kyau, ci gaba, na san ba su karanta ba. Da na ga saƙo daga lambarsa sai da gabana ya faɗi."

Na ce ni ma har ƙarshe na ji, ai shi ya sa na ƙirga goma sha ɗaya.

Ta kusa yin dariya ta fasa. Ta ce za ta yi tunani. Har na juya ta ce a hankali, "Mama, ke ce Ita, ko?"

Na ce mijina agogo yake gyarawa, ba rediyo ba.

Jini da muka dawo ɗari da saba'in da biyar. Hawa bene ne.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Kwana bakwai sun cika. Yau Farfesa. Shafi goma sha biyu kan wani mutum da ke tsaye a bakin taga yana tunanin duniya. Sau biyu ina gyangyaɗi. Na ce Maman 'Yan Biyu, nemo min abin da ya yi kyau. Ta ce ba ni aka ce in nemo ba. Ta sake karantawa daga farko, wai don Allah ya ƙara min haƙuri.

A shafi na tara akwai wurin da mutumin ya ga maƙwabciyarsa tana shanya rigar mijinta da ya daɗe da barin gidan. Layi biyu. Na ce tsaya. Shi na fara faɗa a muryar. Sannan na ce shafi goma sha biyu mutum bai zauna ba, bai sha ruwa ba, ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, a ba shi kujera ko a ba shi baƙo. Sai da muka ɗauka sau uku, don sau biyu bakina yana kaiwa kan Farfesan kansa. Akwai maganar a kashe ta a babi na goma da ke tsaye min a wuya. Na haɗiye.

Mai Ƙofa ya ce wannan ya shiga lissafi. Ɗaya.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na biyu, wani direban babbar mota. Yana rubutu a inda suke tsayawa hutawa. Nasa kan uba ne da ke sayo wa 'yarsa takalmi duk tafiya, kullum ya yi mata kaɗan, don bai san ta girma ba. Wannan ban sha wuyar nema ba. Gyara ɗaya na ba shi: a ƙarshe ya sa uban ya yi dogon jawabi yana kuka. Na ce a cire, takalmin ya riga ya faɗa.

Farfesa ya ce na gode, ya biyo da shafi guda na bayanin dalilin da ya sa mutuminsa bai zauna ba. Mai Ƙofa ya goge, ya bar na goden kaɗai. Ashe ba ni kaɗai ake yi wa ba.

Biyu. Na uku babu sabon labari a layi sai wata mai zuwa, sai dai in yarinyar ta dawo da nata.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Ba ta dawo ba.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Ba ta dawo ba. Ɗari da sittin da takwas. Na ƙona shinkafa, abin da rabona da yi tun Auta yana goye.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Ta dawo. Ba ta ce komai ba, labarin kawai ta sake sawa, ko wasali ba ta canja ba. Wato ga shi nan, sake.

Na sa aka karanta min sau biyu. Har yanzu ba a kunna wutar ba. Amma akwai wurin da saurayin ya shigo, yarinyar ta tura takalminta mai tsinkakkiyar igiya ƙarƙashin kujera da ƙafa, tana yi masa murmushi. Wancan karon ban ji shi ba, ƙirga nake yi. Na ce wannan wurin an gan shi da ido, ba a littafi aka tsinto shi ba. Na ce a rage ina sonki zuwa ɗaya, a sa shi bayan ya ga takalmin ya yi kamar bai gani ba. Na ce a kunna wuta. Na tsaya nan.

Uku. Mai Ƙofa ya ce Lahadi ƙarfe tara zai saki babin. Ya ce tunda a madadin Malam nake, dokar mai rubutu ta hau kaina. Daga tara na Lahadi zuwa tara na Litinin, duk abin da aka faɗa, shiru. Sannan na gode.

Na ce ai shiru ba wuya. Maman 'Yan Biyu ta yi tari.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na wanke labule duka. Ba su yi datti ba.

Lahadi, ƙarfe sha ɗaya na safe

An karanta.

Bai kashe ta ba. Ba ta durƙusa ba. Mai rediyon yana kwance, Ita tana faɗa kan magani, tana faɗa kan shayin da ya bari ya huce. Sai ya ce a watan nan na ƙarshe, matar da ba ta yarda ɗigo ɗaya ya zuba a banza, kullum bayan ta ba shi maganin rana sai ta shiga banɗaki ta buɗe famfo har ƙarshe. Shi kuma yana kwance da agogo a hannu yana dubawa. Minti goma sha huɗu. Ta fito fuskarta a wanke, ta ce masa wa ya ce ka sauke ƙafa daga kan filo. Ya ce famfon yana da ƙara, amma bangon ba shi da kauri. Ya ce bai taɓa tambayarta ba, don in ya tambaya za ta daina, kuma ba ta da wani wurin. Da haka ya rufe littafin.

Ajiye biron. Ina zuwa.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Sun fara. Wata ta ce an cuce su, wata shida suna jiran nadama ba su samu ba. Wani ya ce ko hawaye ɗaya matar nan ba ta yi ba, dutse ce. Farfesa ya fara da yabon tsarin jimloli, sannan ya ce maganar famfo ba ta da alaƙa da jigon, a cire ta in za a buga.

Na miƙa hannu. Maman 'Yan Biyu ta sa wayar a aljihunta ta ce, "Tara na gobe, Mama." A gidana.

Direban ya ce shi dai ya ajiye mota a gefen hanya da ya gama karantawa, bai san me zai gyara ba. 'Yar Banki layi ɗaya ta rubuta: a cire komai in ana so, kada a taɓa famfon. Wani ya tambaye ta dalili. Ba ta amsa ba. Yarinyar tana da hankali, girki ne dai ba ta iya rubutawa ba.

Ba a auna jini ba. Na ce a bari.

Litinin, ƙarfe tara da minti biyu na safe

Na danna na ce na gode. Na saki. Shi ke nan abin da na ce, akwai shaida.

Ɗari da arba'in da biyar.

Yanzu rubuta wannan da kyau, kowa ya san abin da ke kansa. Farfesa bai yi wa Direba sharhi ba tun wancan satin, a tuna wa Mai Ƙofa, tunda doka ba ta san babba ba. 'Yar Banki ina binta labarin da aka kunna wuta a ciki, ita kuma tana bina saurare har ƙarshe duk ranar da ta sa sabo. Mai Ƙofa ya bar sunan Mai Agogo yadda yake a kan lambar, ba na son a canja. Auta ana binsa famfon kicin, ya kira mai gyara ya daina wasa da hankalina. Ke kuma ina binki wayar, fito da ita daga aljihu. Abin da kika ji ta bango jiya da rana, ba na littafin likita ba ne.

Saura ɗaya. Babi ashirin mutumin nan ya rubuta, ɗaki ɗaya tsakaninmu, mutum talatin suka yi masa sharhi ban da ni. Yana bina. Ba a zaure za a sa ba, a nan za ki rubuta, kuma bisa doka.

Abin da ya yi kyau: ya ji, kuma bai tambaya ba.

Abin gyara: minti goma sha huɗu ya yi yawa. Bai fi goma ba. Ni ba na ɓarnar ruwa.

Mai rubutun kuma an ce ba a taɓa shi. Rufe littafin.